Amsa: Da gaske fatar maciji ce a jikin gogen Sinawa, kuma da me suke yin sauran kayan kiɗansu?

Malam, ka ce ka ga bidiyon wata yarinya ƴar China tana goga wani abu mai kama da goge amma wuyansa dogo siriri, aka ce maka fatar maciji ce a jikinsa, shine kake tambaya ko da gaske ne, da me ake yin sauran kayan kiɗansu na gargajiya, sannan in mutum ya sayo ɗaya zai iya jure yanayinmu na arewa ko kuwa asarar kuɗi ce. Sunayen zan rubuta su yadda su Sinawan ke rubutawa da boko saboda in kana so ka nemo sautin kowanne a YouTube ka samu.

Eh da gaske ne, wanda ya faɗa maka bai yi ƙarya ba. Sunan abun erhu, kuma ba fatar kowane maciji ba ce, ta mesa ce, irin ta kudancin Asiya mai zanen baƙi da ruwan ƙasa. Ɗan akwatin nan na ƙasa da ake ɗorawa a cinya, mai kusurwa shida in na wajen Shanghai da Suzhou ne, ko takwas in na Beijing ne, bakinsa na gaba ake rufewa da fatar, bayan kuma a bar shi a buɗe sai ƴar sassaƙa ta ado. Kai da ka san gogenmu ai ba sai an yi maka dogon bayani ba, mu ƙwarya muke rufewa da fatar guza mu ɗora jaki, wato ɗan abun da ke ɗage tsirkiya, a kai tsagiyar doki ta hau kan jakin, su kuma katako suke rufewa da fatar mesa, hikimar ɗaya ce. Tsirkiya ita kaɗai ba ta da wata murya, karkarwarta ce ke bi ta cikin jaki ta sauka kan fata, fatar ce ke magana. Inda suka sha bamban da mu, erhu tsirkiya biyu gare shi, kuma bakan gogawar a maƙale yake tsakanin tsirkiyoyin biyu, ba ya fita sai ka kwance, in ka tura gashin ciki ya goga ɗaya in ka matsa waje ya goga ɗayar, shi ya sa ƙaro ma gaba da baya ake shafa wa gashin. Sandar bakan itacen gora ce, gashin na jelar doki.

Aikin fatar nan shine rabin kuɗin erhu wallahi. Ana jiƙa ta, a kankare sauran nama da kitse ta ciki a hankali har kaurinta ya zo ɗaya ko'ina, sannan a ɗora a bakin akwatin a riƙa ja ta kowane ɓangare kaɗan kaɗan, mai aikin yana ƙwanƙwasawa da yatsa yana saurare, kafin a bar gam ya kama. In an ja ta wuce kima sautin zai yi tsini ya riƙa sukar kunne, in ba ta ja ba ya fito a dishe. Masu saye da suka san kan abun zanen ɓawon fatar suke fara dubawa, suna son manya masu girma ɗaya a jere, kuma yankin da ke kusa da wutsiya aka fi daraja saboda ya fi kauri. Sabon erhu ko mai tsada ne muryarsa a shaƙe take, sai an yi watanni ana gogawa fatar ta saki jiki kafin daɗin ya fito, don haka kar ka yanke wa sabo hukunci a ranar farko.

Katakon kuma mai nauyi ake so, mai tauri, don kar ya shanye sautin da fatar ta bayar. Wanda suka fi ji da shi zitan ne, jan itace mai duhu daga kudancin Indiya, sai baƙin itace dangin kanya, sai tsofaffin kujeru da gadaje na jan katako da ake wargazawa a yi erhu da su saboda sun gama bushewa tun zamanin kakanni. Zitan ɗin nan fa ɗan uwan madobiyarmu ne, dangi ɗaya suke, kuma madobiya na cikin jerin itatuwan da China ta amince a kira su hongmu, wato katakon alfarma. Wannan ne ya jawo sarar da aka yi mata ba ji ba gani a Taraba da maƙwabta, wadda a can suke ce wa Madrid, har a 2016 aka saka ta a jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES, ta cinikin dabbobi da itatuwan da ke fuskantar ƙarewa, ke sa wa ido. Gaskiya mafi yawanta kujeru da tebura aka yi da ita ba kayan kiɗa ba, amma kasuwa ɗaya ce ke cinye su duka, kuma duk wanda ya ga yadda dazukan suka koma abun zai dame shi.

Toh yanzu ga inda tambayarka ta biyu ta faɗo daidai. Su Sinawa tun asali da abun da aka yi kayan kiɗa suke rarraba su. Bature zai ce wannan na busawa ne wannan na bugawa wannan na tsirkiya, su kuwa tun zamanin daular Zhou, wadda ta fara wajen shekara ta 1046 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), suka kasa su gida takwas da suke kira bayin: ƙarfe, dutse, siliki, gora, duma, yumɓu, fata, itace. A ganinsu kowane abu da ke cikin ƙasa da daji yana da muryarsa, kiɗan fada kuma bai cika ba sai muryoyin takwas sun hallara. Kuma ba ko yaushe jikin abun ake dubawa ba. Shi ya sa erhu duk da katako da fatar mesa da ke jikinsa a gidan siliki yake, saboda tsirkiyarsa da siliki ake murɗa ta a da.

Gidan silikin nan a nan zan daɗe, don nan ne gwanintarsu ta fi fitowa. Babbansu guqin, wani dogon allo ne da ya ɗan haura mita ɗaya, tsirkiya bakwai, ba shi da jaki a tsakiya, ana kwantar da shi a tebur. Kayan malamai ne da masu karatu, mutum ya kaɗa wa kansa ko amininsa a ɗaki, ba na dandali ba ne. Allo biyu ake haɗawa, na sama mai laushi mara nauyi daga bishiyar tong ko shan, a rarake cikinsa, na ƙasa kuma mai ɗan tauri daga bishiyar zi don ya mayar da sautin. Sama a ɗan lanƙwashe yake alamar sararin samaniya, ƙasa a shimfiɗe alamar doron ƙasa, akwai ɗigo 13 na katantanwar teku mai ƙyalli a gefe da ke nuna wa yatsa wurin sauka. Masu yin sa ba sa son ɗanyen katako sam, tsoho suke nema wanda ya shekara ɗaruruwa, katakon rufin tsofaffin gidaje da wuraren bauta, har da na tsofaffin akwatunan gawa da aka tono. Akwai labarin da suke bayarwa na wani malami a daular Han mai suna Cai Yong, wai ya ji ƙarar wani itace yana fashewa a murhu ya gane daga ƙarar cewa na kirki ne, ya zaro shi daga wuta ya yi guqin da shi, gindin a ƙone, da wannan ƙunar ma aka yi wa kayan suna.

Amma abun da mutane ba su cika sani ba shine rufin da ake yi masa. Baƙin sheƙin nan da kake gani ba fenti ba ne. Ruwan jikin wata bishiya ne, qi, ana tsaga ɓawonta a tari ruwan kaɗan kaɗan, ɗanyensa in ya taɓa fatar wanda bai saba ba sai ƙaiƙayi da kumburi, kuma shi ba a rana yake bushewa ba, sai a ɗaki mai ɗumi da laima. Ana kwaɓa shi da garin ƙahon barewarsu mai rassa, a shafa, a jira ya ƙame, a goge da dutse, a sake shafawa, haka haka, shi ya sa guqin na kirki yakan ci shekara ɗaya zuwa biyu ko fiye kafin ya fita daga hannun mai shi. Aikin wannan kwaɓin biyu ne. Yatsa a kan allon kai tsaye yake danna tsirkiya yana ja, da katako mai laushi ne kawai da tuni ya rarake, sannan garin ƙahon yana barin ƴan ƙananan kafofi a ciki, sautin ya fita a tace ba a toshe ba. Na arha da ake sa wa fentin kamfani ko a kwaɓa da farar ƙasa, a ido sun fi ƙyalli ma, amma kana taɓawa za ka ji muryar ta tsaya a sama ba ta shiga ciki. Bayan shekaru masu yawa rufin yakan yi ƴan tsage-tsage sirara a jere, su ba aibi suke ɗaukarsa ba, da shi ake gane tsufa har kowane zane da sunansa. Akwai na zamanin daular Tang, sama da shekara dubu, waɗanda zuriyar Lei ta Sichuan suka yi, da har yau ana kaɗa su. A 2010 an yi gwanjon wani na Sarki Huizong na daular Song a Beijing a kan yuan miliyan 136 da ɗoriya.

Tsirkiyar silikin kuma zare ɗaruruwa ake haɗawa a murɗe, a dafa a cikin ruwan gam har ya shige ta, a shanya, masu kaurin a sake naɗe su da wani zaren. Daga shekarun 1950 aka fara sauya ta da waya, ta erhu da pipa da guzheng da daga baya guqin, wasu a naɗe da nailan. Dalilinsu a fili yake, ana son sauti ya cika babban zaure da rediyo, siliki kuwa muryarsa ƙasa ƙasa ce, yana tsinkewa, yana saki in yanayi ya sauya, ga tsada. A erhu da guzheng ban ga laifin wannan ba. A guqin kam ni ina ganin an yi asara, saboda siliki yana da wani ɗan shuu da ke fita lokacin da yatsa ke zamewa a kansa, sautin kuma ya mutu da wuri ya bar wuri ga na bayansa, waya kuwa sai ta yi ta amsa kuwwa tana cakuɗa komai, banda cin rufin tsofaffin kayan da take yi. In kana so ka ji na asali nemi kiɗan Guan Pinghu, shine wanda Amurka ta saka a faifan zinaren kumbon Voyager a 1977. Har yanzu akwai ƴan tsirarun masu murɗa siliki da masu kaɗawa da suka ƙi waya, kuma suna ƙaruwa.

Guzheng shine babban nan mai tsirkiya 21 da jakuna a jere da ake matsawa, wanda ƴan mata ke kaɗawa da farcen roba a ɗaure a yatsu, a da da ƙoƙon kunkurun teku ake farcen kafin a hana. Pipa kuma mai tsirkiya huɗu da ake rungumewa a tsaye, bayanta katako mai nauyi, matakan wuyanta gora da ƙaho. Dukansu fuskarsu allon bishiyar paotong ne, kuma mafi yawan allon daga gunduma ɗaya yake fitowa, Lankao a lardin Henan. Wurin nan tsohuwar hanyar Rawayen Kogi ce, rairayi da gishirin ƙasa da ambaliya sun hana su noma, mutane har bara suke fita. A 1962 aka turo musu wani shugaba mai suna Jiao Yulu, ya sa aka yi ta dasa paotong don tare iska da yashi saboda tana saurin girma, bai ma ga amfanin ba ya rasu a 1964. Sai a shekarun 1980 masu yin kayan kiɗa daga Shanghai suka gano katakon da ya tashi a rairayin nan ba shi da nauyi, ba ya murɗewa, kuma yana da amo, labarin da ake bayarwa wai daga ƙarar akwatin hura wutar murhu na wani gida aka fara lura. Yau ƙauyuka guda guda a can sana'arsu kenan. Duk lokacin da aka zo maganar dashen itace da kwararowar hamada a Jigawa ko Yobe sai Lankao ta faɗo min a rai.

Gidan gora sarewa ce, dizi ta kwance da xiao ta tsaye. Ana sarar gorar da sanyi lokacin da ruwa ya ja daga jikinta, wadda ta shekara uku zuwa biyar, a ajiye ta a inuwa ta ƙara shekaru, a gasa a wuta a miƙar da ita kafin a huda. Wajen Hangzhou da garin Yuping na Guizhou sun yi suna a wannan. Dizi tana da wata huda ta daban tsakanin wurin busawa da na yatsu shida, wadda ba a taɓa ta da yatsa, wata ƴar fata ake liƙa mata, siririya har kana hango yatsanka ta ciki, daga cikin karan da ke fitowa a bakin ruwa ake zare ta a farkon zafi. Ita ke ba dizi wannan zizar mai kaifi, cire ta ka rufe hudar da salatif sai ta koma sarewa kawai. Liƙa ta ma gwaninta ce, ba a shimfiɗa ta sumul, sai an ɗan murza ta an ja gefe da gefe ta yi ƴan tamoji ƙanana a gicciye, in ta yi tauri zizar ta ɓace in ta yi sako-sako sautin ya fashe, kuma da gam mai narkewa a ruwa ake liƙawa don a iya jiƙa gefen da yawu a gyara ana tsakiyar wasa. Wasu ruwan tafarnuwa suke gogawa, amma na asali ejiao ne, wanda ake dafawa daga fatar jaki. Eh, shi ɗin dai da ya sa jakuna suka yi tsada a kasuwanninmu har Nijar ta hana fitar da su a 2016, Tarayyar Afirka ma ta hana yanka su don fata a 2024. Amma kar a ɗora wa masu sarewa laifi, ɗan gutsure ɗaya sai ya yi wa mutum shekaru, magani da kayan gyaran jiki ne ke cinye fatun.

Gora ta taɓa zama ma'aunin ƙasa ma. A littafin tarihin daular Han an rubuta cewa bututun da ke ba da sautin tushe, huangzhong, tsawonsa ƙwayar baƙin geronsu 90 ne a jere, cikinsa kuma yana cin ƙwaya 1,200, daga nan ake fitar da awon tsawo da mudu da nauyi. Kaga kenan in sautin fada ya karkace, mudun kasuwa ma ya karkace, shi ya sa sabuwar daula in ta hau takan sake duba bututun.

Gidan duma sheng ne, tarin bututun gora, galibi 17, a tsaye a cikin wani ɗan ƙoƙo da ake busawa ta gefe. Ƙoƙon a da duma ne, daga baya aka koma katako, yanzu tagulla, amma sunan gidan bai sauya ba. A gindin kowane bututu akwai ɗan harshen tagulla siriri da ke kaɗawa ko ka hura ko ka zuƙa, ana saita shi da ɗigon kakin zuma a bakinsa, ƙara ɗigo sauti ya sauka, kankare kaɗan ya hau. A ƙarni na 18 wani fada Bafaranshe mai suna Amiot da ke zaune a Beijing ya aika da sheng Turai, kuma masana da yawa na ganin daga wannan harshen aka samu hanyar yin hamonika da akodiyon. Wanda har yau dumansa na nan shine hulusi na ƙabilar Dai a Yunnan, ɗan duma mai ƙugu da bututu uku a ƙasa.

Sai ƙarfe, kuma a nan ne abun da ya fi ba ni mamaki yake. A 1978 a Suizhou ta lardin Hubei, sojoji na fasa wani tudu don gini aka ci karo da kabarin wani basarake, Yi na ƙasar Zeng, wanda aka binne wajen 433 kafin haihuwar Annabi Isa. A ciki aka tarar da ƙararrawa 65 na tagulla, mafi yawansu a rataye a kan katakonsu hawa uku yadda aka bar su, nauyinsu gaba ɗaya ya haura tan biyu da rabi, babbar ta wuce kilo 200. Kowace ɗaya sauti biyu take bayarwa, ka buga tsakiya ta ba da ɗaya ka buga gefe ta ba da wani daban, kuma an rubuta sunan kowane sauti a wurin bugunsa, wato da gangan suka yi ba dace ba ne. Sirrin a siffar yake, bakinta ba da'ira ba ne, kamar ƙwallon dabino yake mai tsini ta gefe biyu, don haka tana da hanyar karkarwa biyu da ba sa shiga juna. Wannan siffar kuma ita ke sa amon ya mutu da wuri, ƙararrawa mai zagaye in ka buga sai ta yi ta ƙugi ba za ka iya jera waƙa da ita ba, wannan kuwa ana iyawa. Haɗin ƙarfen jan ƙarfe ne da kuza wajen kashi 12 zuwa 14 cikin 100, da ɗan dalma kaɗan da ke rage kaifin sautin, in kuza ta yi yawa ta fashe in ta yi kaɗan muryar ta mutu. Bayan an zuba an fasa ƙirar sai a bi ta ciki da dutsen wasa ana ragewa har sautukan biyu su zauna, kuma in ka rage ya wuce babu mayarwa, sai a narke a sake. Suna gidan tarihin lardin Hubei a Wuhan, akwai kwafinsu da ake kaɗa wa baƙi.

Sauran zan bi su da sauri. A kabarin nan dai an samu na dutse guda 32, bianqing, fallayen dutse masu lanƙwasa a rataye da ake bugawa da ɗan guduma, baƙin dutsen Lingbi na Anhui ya fi suna. Yumɓu shine xun, ƴar tukunya mai siffar ƙwai da huduji, muryarta mai ban tausayi, an tono wasu da suka kai shekara 7,000. Fata ganguna ne, ƙirgin sa ko ɓauna da ake kafewa da manyan ƙusoshi a jiki maimakon tsirkiyar ja irin ta kalangu, a Taosi ta Shanxi ma an tono waɗanda aka rufe da fatar kada sama da shekara 4,000 da suka wuce. Ƴar gangar da ke jan ragamar wasan opera na Beijing, bangu, wani lokaci fatar alade ce, don haka in za ka sayi ganga ka tambaya. Gidan itace akwai wani akwati da ake bugawa a buɗe kiɗa, da wata damisa ta katako a durƙushe mai haƙora 27 a gadon baya da ake karta da tsintsiyar gora a rufe kiɗa, yanzu sai a bikin tunawa da babban malaminsu na da Confucius ake ganinsu.

Rabon nan na takwas bai kama komai ba fa. Mafi tsufan abun busawa da aka samu a ƙasar, na Jiahu a Henan, wajen shekara 9,000, da ƙashin fiffiken wani tsuntsu dangin gauraka aka yi shi, kuma babu gidan ƙashi. Pipa da erhu da suona duk daga baya suka shigo ta yamma da arewa aka nema musu gida. Suona ɗin in ka ji ta za ka rantse algaita ce, jikin katako, baki na tagulla, ɗan kara a leɓe, har kumbura kumatu da numfashin da ba ya yankewa, dukansu daga dangin kayan busa na Gabas ta Tsakiya suka gangaro, ɗaya ta yi gabas ɗaya ta ratso Sahara.

Batun saye. Babban abokin gabarka hunturu ne, saboda da yawa daga cikin kayan nan a kudancin China mai laima ake yinsu. Dizi ita ce ta fara tsagewa, zaren da kake gani an ɗaɗɗaure a jikinta don haka aka yi shi, ka zaɓi mai zaren, ka riƙa shafa mata ɗan mai mara wari ciki da waje kafin sanyi ya shigo, bayan ka busa ka goge ka mayar jaka kar ka bar ta a gaban fanka ko AC. Erhu na fatar mesa da damina zai saki ya dishe, da hunturu ya ɗaure har gam ɗin kusurwoyin akwatin ya iya buɗewa, sai ka ajiye ɗan soso mai danshi a cikin gwangwani mai huda a jakarsa, in za ka daɗe ba ka taɓa ba ka sa fensir a gicciye ƙarƙashin tsirkiyar a saman jakin don nauyin ya sauka a katako ba a fata ba, ka sassauta bakan, ka jefa kafur saboda ƙwari na cin gashin doki. Sheng kam ban ba ka shawara ba, zafin Maris da Afrilu zai iya sa kakin ya yi laushi, kuma samun mai saita maka shi a nan zai yi wuya.

In mai koyo ne kai, ka nemi erhu mai fatar roba. Ƙungiyar makaɗan gargajiya ta Hong Kong da kanta ta koma irin wannan fatar tun wajen 2009, ba ruwanta da damina ko hunturu, kuma babu rigimar takarda. In kuma ka dage sai ta mesa, tun 2005 dokar China ta ce kowane erhu sai da shaidar cewa fatar daga gidan kiwo ta fito ba daga daji ba, ɗan kati ne mai lamba da hoton fatar, ka tabbatar mai shagon ya ba ka shi kuma zanen da ke hoton ya yi daidai da na kayan da ke hannunka kafin ka biya, in ba haka ba kwastam na iya riƙe shi tun a filin jirgin Guangzhou.